Wanda ya sayi nasara, a hannun wa ya saye ta?

Na riga shi gani, na riga shi harbi, amma ni na riga shi faɗuwa. Duk wanda ya daɗe yana buga wasannin harbi a waya ko a kwamfuta ya san irin wannan lokaci, ya kuma san abin da zuciya ke fara rayawa: ko netwok ne ya yi nauyi, ko hannuna ne ya kauce, ko kuwa kawai mutumin ya fi ni iyawa. A wannan karon na tsaya na kalli maimaicin yadda aka kashe ni, har sau uku. Hannuna bai kauce ba. Harsasaina sun shiga jikinsa, nasa ma sun shiga nawa, sai dai bindigar da ke hannunsa wani samfuri ne da ba a tsinta a filin wasan, a shago ake sayensa da kuɗi. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar ya wuce faɗuwar kanta. Na daina sanin ma'anar faɗuwata a wannan wasan, na kuma daina sanin ma'anar nasarata, domin ban san da wa nake karawa ba: da mutum ko da aljihunsa.

Ba na adawa da biyan kuɗi a wasan da aka ce kyauta ne. Masu zane da masu rubuta manhaja ma'aikata ne, albashi suke jira. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da miliyoyin 'yan wasa dare da rana suna cin wuta da kuɗi, ga yaƙi da masu maguɗi wanda ba ya ƙarewa, ga kason da shagunan manhaja na Apple da Google ke yanka, wanda ya daɗe a kan kashi 30 cikin 100 ga manyan kamfanoni. Wanda ya sauke wasa bai ba da ko sisi ba, ba shi da hujjar cewa dole a ba shi kowace riga da kowace rawa da ke cikin shago. Ni kaina na sha sayen tikitin zango, wato tikitin da ke buɗe maka kyaututtuka mataki-mataki cikin wani ƙayyadadden lokaci, a wasannin da nake jin daɗinsu, kuma ban taɓa ganin an cuce ni ba. Tambayata a kan abu ɗaya take: shin adalci ne kamfani ya sayar wa wani ɗan wasa abin da zai sa ya riga ɗan'uwansa kisa? Amsata a'a ce, kuma dalilina yana cikin irin hajar da ake sayarwa.

Idan mutum yana buga wasan da shi kaɗai ne da na'ura, ya sayi bindigar da ke share abokan gaba da harbi ɗaya, matsalarsa ce. Kuɗinsa ne, lokacinsa ne, kuma waɗanda yake karkashewa ba su da rai balle su ji haushi. A wasan da mutane ke karawa da mutane lamarin daban yake. Nasara a nan ba ta ƙaruwa don wani ya biya. Duk artabun da aka yi, ɗaya ya tsaya ɗaya ya faɗi, kuma a wasannin da ake jefa mutum 50 ko 100 a tsibiri guda, mutum ɗaya ko tawaga ɗaya ce ke fita da kambu. Saboda haka duk wata dama da aka ƙara wa mai biya, daga kason wani aka yanko ta. Kamfanin ya karɓi kuɗi, mai saye ya karɓi ƙarfi, amma wanda aka ɗebi abin daga wurinsa mutum na uku ne da ba a shawarce shi ba, ba a kuma ba shi komai ba. A kowane irin ciniki, sayar da abin da ba naka ba yana da suna, kuma sunan ba mai daɗi ba ne.

Za a ce ai shi na ukun kyauta yake ci, wanda aka yi wa alfarma kuwa ba ya zaɓe. Wannan magana ce ta fi ba ni mamaki, domin masu yin wasannin sun fi kowa sanin ba haka ba ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani ba ya buɗe ƙofarsa kyauta don tausayi. Yana buɗewa ne saboda wasan harbi ba ya rayuwa sai da cunkoson jama'a. Ana bukatar mutane da yawa a kowane lokaci don a cika fili cikin daƙiƙoƙi, a kuma samu isassun 'yan wasa a kowane mataki don a haɗa kowa da tsaransa. Ranar da marasa biya suka watse, mai biya zai zauna yana kallon agogon jira, ko a cika masa fili da mutum-mutumin na'ura, kuma ba wanda zai sayi kwalliya mai tsada don ya nuna wa na'ura. Mara biya yana biya da lokacinsa, da datarsa, da abokan da yake janyowa, da bidiyon da yake yaɗawa, sannan da kasancewarsa abokin karawa. Shi ne rabin abin da mai kuɗin ya zo nema. To idan bayan duk wannan aka mayar da shi abin auna bindigar wani, an ci da guminsa sau biyu.

Sai kuma masu cewa ai bambancin ɗan kaɗan ne, gwani gwani ne ko da sanda aka ba shi. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ɗauka ɗan wasa yana da jini maki 200, bindiga kuma tana cire maki 24 da kowane harsashi. Harsashi takwas sun cire 192, saura takwas, don haka sai an kai na tara kafin mutum ya faɗi. Yanzu a ƙara wa bindigar maki ɗaya tak, ta koma 25. Harsashi takwas sun gama aiki. A takarda ƙarin bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba, wanda za a iya rantsewa ba komai ba ne, amma a fili ya rage harsashi guda cur. Idan bindigar tana fitar da harsashi goma a daƙiƙa, mai ita ya samu ratar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, alhali abin da mutum ke ɗauka tsakanin ganin abu da motsa yatsa bai wuce kusan rubu'in daƙiƙa ba. A wasan da ake rabuwa a ƙiftawar ido, wannan rata ce babba. Gaskiya ne gwani zai doke ɗan koyo ko da ɗan koyon ya sayi shagon gaba ɗaya. Sai dai wasannin nan suna da tsarin haɗa mutum da wanda suke kusa a iyawa, musamman a gasar hawa matsayi. Wato yawancin artabun da kake yi, da tsaranka kake yinsa, kuma tsakanin tsara biyu ƙaramin abu ne ke raba gardama. A daidai wurin da wasa ya fi daɗi, inda ba a san maci tuwo ba, a nan ne kuɗi ya fi yin tasiri.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta shiga lissafi. Abin da ke sa mutum ya kwana yana koyon riƙe bindiga don kada ta ɗaga sama, ya haddace lungunan taswira, ya koyi gane takun abokin gaba da kunne, shi ne yardar da ya yi cewa sakamako yana faɗa masa gaskiya game da kansa. Ka faɗi, ka san akwai abin gyara. Ka ci, ka san ka ƙaru. Da zarar shakka ta shiga, wannan yarda ta tafi, kuma ba ta tafiya a wurin mara biya kaɗai. Mai biyan ma an rage masa wani abu, domin ko ranar da iyawarsa ce ta ba shi nasara, ba wanda zai yarda, shi kansa ma ba zai tabbatar ba.

Hujjar cewa dole sai an sayar da ƙarfi kafin kamfani ya tsira, tarihin wasannin nan ya riga ya rushe ta. Fortnite ya fito da salonsa na kyauta a Satumbar 2017, yana sayar da riguna da raye-raye da tikitin zango, ba ya sayar da bindigar da ta fi ta wani. Takardun da suka fito a shari'ar Epic Games, kamfanin da ya yi Fortnite, da Apple a 2021 sun nuna wasan ya kawo sama da dala biliyan 9 a shekarun 2018 da 2019 kaɗai. Counter-Strike ya fara sayar da fentin bindigogi tun 2013, ya koma kyauta a Disambar 2018, kuma har yau bindigar da aka yi wa fentin dubban daloli ɓarnarta ɗaya da wadda ba ta da ko ɗigon fenti. Valorant, da Riot Games ta fitar a 2020, a kan wannan turba ya bi game da makamai. Mutane suna son ado, suna son a gan su, kuma suna biya da hannu bibbiyu don haka. Ina da ƙorafi a kan tsadar wasu daga cikin kayan adon nan da dabarun tallarsu, amma wannan wata magana ce. Wanda ya sa riga mai tsada bai ɗauki komai daga wurina ba.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa abin ya ƙi mutuwa. Sayar da ƙarfi yana kawo kuɗi. A 2009 kamfanin EA ya fitar da Battlefield Heroes kyauta, kuɗin da ake sa rai bai shigo ba, sai a ƙarshen shekarar aka sauya farashi aka fara sayar da makaman da suka fi na kyauta. 'Yan wasa suka yi ca, aka yi ta rantsuwar an bar wasan har abada. A 2011 Ben Cousins, wanda ya jagoranci aikin, ya tsaya a taron masu ƙirƙirar wasanni ya bayyana cewa kuɗin shiga ya ƙaru bayan sauyin, kuma jama'a ba su watse kamar yadda suka yi barazana ba. Kamfanoni sun ji wannan darasi da kyau. Amma abin da ya tabbatar shi ne cewa abin yana da riba, kuma riba ba ta taɓa zama shaidar adalci ba. Alƙalin wasa da ke karɓar na goro ma riba yake samu.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta lokaci. Ga magidanci mai aiki tun safe har dare, sa'a ɗaya yake samu ya buga. Ga matashi mai hutu da zai iya kwashe sa'o'i takwas a zaune. Matashin ya tara maki ya buɗe kowane makami, magidancin yana nan da bindigar farko. Me ya sa za a ce lokacin wancan halal ne, kuɗin wannan haram? Ai shi ma guminsa ne, a wani wurin ya zubar da shi. Na daɗe ina juya wannan magana, kuma akwai gaskiya a cikinta: idan wasa ya kulle ƙarfi a bayan doguwar wahala, mai lokaci ma yana da fifikon da bai samu da iyawa ba.

To amma wa ya gina wahalar? Ba daga sama ta faɗo ba. Wani ne ya zauna a ofis ya yanke cewa wannan makamin sai an buga sa'o'i kaza kafin a buɗe shi, kuma shi ɗin ne dai ya ajiye maɓallin biya a gefe. Wanda yake sayar da maganin ciwo, kuma shi ke da ikon ƙara ciwon ko rage shi, ba sai an tambaya wane ɓangare zai karkata ba. An ga wannan ƙarara a Nuwambar 2017 da Star Wars Battlefront II, wanda ma ba kyauta ba ne, cikakken farashi ake sayensa. 'Yan wasa suka lissafa cewa buɗe jarumi guda kamar Darth Vader zai ci kusan sa'o'i 40, ga kuma katunan ƙara ƙarfi a cikin akwatunan gwada sa'a da ake saya da kuɗi ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Hayaniyar ta kai EA ta rufe sayayya da kuɗi ana gab da fitar da wasan, daga baya a 2018 ta sake fasalin tsarin ta raba ƙarfi da aljihu. Idan da gaske tausayin magidancin ake ji, hanya a buɗe take: a ba kowa makaman da ke shafar artabu tun ranar farko, ko a gajarta hanyar samunsu ta yadda mai sa'a ɗaya zai cim mata. Blizzard ta fara gwada kulle jarumai a wasanta Overwatch 2, wanda ya fito kyauta a Oktoban 2022. Sabuwar jaruma Kiriko tana mataki na 55 na tikitin zango ga sabon ɗan wasa da bai biya ba, mai biya kuwa nan take yake samunta, a wasan da ginshiƙinsa shi ne sauya jarumi a tsakiyar faɗa don maganin na abokin gaba. A Afrilun 2024 kamfanin ya janye, ya buɗe sababbin jarumai ga kowa. Wasan bai rushe ba.

World of Tanks ma ya bi ta wannan hanya da nasa salon. Da farko harsasan da suka fi huda sulken tanka da zinaren wasan kawai ake sayensu, wato da kuɗi na gaske, har 'yan wasa suka laƙaba musu harsashin zinare. Daga baya Wargaming ta ba da damar sayensu da kuɗin cikin wasa, a 2013 kuma ta shelanta cewa ta daina sayar da fifikon faɗa. Mataki ne mai kyau, amma gardamar ba ta mutu ba, domin harsasan suna da tsada, kuma wanda ke biyan kuɗin rajista ta musamman ko ya sayi tankar shago ya fi saurin tara kuɗin cikin wasan. An ɗauke shingen daga bakin ƙofa an mayar da shi tsakar gida. Shi ya sa kalmar "ai ana iya samu ba tare da biya ba" ba ta isa ta wanke kowa ba. Sai an tambaya: cikin sa'o'i nawa, kuma wa ake harbi a tsawon waɗannan sa'o'in?

Wasu kan kawo batun na'ura. Wani yana da waya mai ƙarfi da allo mai saurin sabunta hoto, wani tasa tana zafi tana sarƙewa, wani intanet ɗinsa kamar walƙiya, wani kuwa sai ya ɓuya a bayan bango sannan harsashi ya same shi. Duk gaskiya ne, kuma kuɗi ne ke kawo wannan bambanci. Amma wannan rashin daidaito daga waje ya shigo, kamfanin bai ƙirƙire shi ba, kuma kamfanonin kirki ƙoƙarin rage shi suke yi. Kasancewar fili yana da gangara ba izini ba ne ga mai filin ya ƙara tona gefe ɗaya ya sayar da tudun.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne yadda fifikon ya koyi ɓuya. Yanzu ba kasafai babban kamfani ke fitowa ya ce ga bindiga mai ƙarfi ku saya ba, ya san abin da zai biyo baya. Sai abin ya shigo ta taga. A Call of Duty: Warzone akwai wata baƙar riga ta jaruma Roze, da aka samu a matakin ƙarshe na tikitin zango da ake biya a 2020. Ado ce a suna, amma mai ita idan ya laɓe a lungu mai duhu kusan ba a ganinsa, kuma an shafe watanni ana kuka kafin a gyara ta a 2021. Fortnite ma ya taɓa sayar da rigar sojan roba mai launin kore da ke sajewa da ciyawa, har sai da Epic ta yi mata gyara. Ina iya yarda cewa irin waɗannan kuskure ne. Wanda ba zan kira kuskure ba shi ne abin da aka yi a sashen DMZ na Warzone a 2023, inda aka sayar da ƙunshin kaya masu ba mai saye jakar baya mafi girma tun farkon wasa, da gajarta lokacin jiran dawowar bindigarsa idan ya rasa ta, a fagen da sauran 'yan wasa ke farawa da abin da suka tsira da shi kawai.

Akwai kuma salon fitar da sabon jarumi da ƙarfin da ya wuce kima, a sayar, sannan a rage masa kaifi bayan an gama cin kasuwa. A Disambar 2020 Free Fire ya fito da Chrono, wanda aka yi da haɗin gwiwar Cristiano Ronaldo, mai buɗe wata garkuwa da ke tare harsasai. Duk wanda ya buga a lokacin ya san yadda ya mamaye fili, kuma Garena, kamfanin wasan, ta rage masa ƙarfi fiye da sau ɗaya daga baya. Ba na cewa na san niyyar kowa. Daidaita jarumai aiki ne mai wuya, ana kuskure a cikinsa da zuciya ɗaya. Amma duk tsarin da kuskurensa ke kawo riba, gyaransa kuma ke rage ta, gyara zai riƙa zuwa a makare. Kuma a irin wannan salo mai biyan ma ba ya tsira: abin da ya saya jiya an dakushe shi yau, gobe kuma ga sabo an fito da shi.

Idan aka haɗa sayar da ƙarfi da akwatin sa'a, abin ya tashi daga rashin adalci ya doshi cutarwa. Mutum bai ma san farashin abin da yake nema ba, yana ta zuba kuɗi yana jujjuyawa ko Allah zai sa a dace. Sin ta tilasta wa kamfanoni bayyana yiwuwar samun kowane kaya tun Mayun 2017. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saya da kuɗi a wasu manyan wasanni caca ce a ƙarƙashin dokar ƙasar. Sanannen abu ne a harkar cewa kaso mai tsoka na kuɗin wasannin kyauta daga 'yan tsirarun mutane yake fitowa, waɗanda ake yi wa laƙabi da "whale", sunan ƙaton kifin nan na teku. Ba dukkansu ne attajirai ba. A cikinsu akwai wanda ya kasa tsayawa, akwai kuma yaron da ya samu katin mahaifinsa. Ko Epic da na yaba a sama, a Disambar 2022 ta amince ta biya dala miliyan 245 don mayar wa mutane kuɗinsu, bayan hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta zarge ta da tsara maɓallan da ke sa a saya ba da niyya ba. Idan haka ta faru inda ado kawai ake sayarwa, a yi tunanin matsin da ke kan yaro ɗan shekara 13 da aka kashe sau goma a jere, abokansa suna masa dariya, sannan allo ya nuna masa bindigar da ta kashe shi da farashinta a ƙasa.

Wannan hoto ba ni na ƙirƙire shi ba. A 2017 aka amince wa Activision, kamfanin Call of Duty, da rajistar wata fasaha da ta nema tun 2015, wadda ke bayanin yadda za a haɗa sabon ɗan wasa da gwani mai riƙe da wani makami don ya yi sha'awar saye, sannan idan ya saya a jefa shi wasan da makamin zai yi masa amfani don ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba. Kamfanin ya ce bincike ne kawai, bai saka shi a wani wasa ba, kuma ba ni da hujjar ƙaryata shi. Abin lura shi ne an yi tunanin, an rubuta, an kuma ga ya cancanci a kare shi da doka. Ɗan wasa ba ya ganin abin da ke faruwa a bayan allon jira. Amana kawai yake bayarwa, kuma sayar da ƙarfi yana ba kamfani dalilin cin wannan amana.

Na san amsar ƙarshe da ake bayarwa: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in ba ka so ka goge wasan. Wani lokacin haka ne, kuma na goge wasu. Amma sau da yawa ba rariya aka sayar wa mutum ba tun farko. Wasa kan fara da tsabta, ya tara jama'a, mutum ya zuba shekara biyu ko uku, ya yi abokai, ya kafa tawaga, ya hau matsayi, sannan a sauya doka a tsakiyar tafiya. A lokacin barin wasan ya zama barin mutane. Kamfanin ya san da haka, a kansa ma yake lissafi. Shi ya sa ba na ɗora laifi a kan ɗan wasan da ya gaji da shan kashi ya ciro kuɗi ya saya. An ajiye shi ne a inda zaɓinsa biyu, ya biya ko ya zama abincin wanda ya biya. Mai laifin shi ne wanda ya tsara wurin.

Ma'aunin da nake amfani da shi kafin in saka kuɗi ko lokaci a wasa guda ɗaya ne. In ɗauki mutum biyu masu iyawa ɗaya, ɗaya ya biya ɗaya bai biya ba, in haɗa su gaba da gaba yau ɗin nan, ba bayan wata uku na tara maki ba. In abin da aka saya zai sauya wanda zai riga faɗuwa, ko wanda zai riga ganin wani, ko wanda zai samu damar tashi bayan ya faɗi, to an sayar da abin da bai kamata a sayar ba, ko da an kira shi ado, ko sauƙaƙawa, ko tukuicin goyon baya.

Kuma kamfanonin sun san wannan ma'auni, domin suna amfani da shi idan idon duniya yana kansu. A Free Fire fentin bindiga yana zuwa da ƙarin halaye, wani ya ƙara ɓarna, wani ya ƙara saurin harbi, tare da rage wani abu kamar saurin sauya harsasai. Amma idan aka buɗe ɗakin wasa na musamman akwai maɓallin kashe waɗannan halaye gaba ɗaya, kuma gasanni masu tsari kashe su suke yi, don kowa ya shiga da bindiga iri ɗaya a ga wanda ya fi. Maɓallin yana nan, an riga an gina shi, yana aiki. Abin da nake nema shi ne a danna shi a gasar hawa matsayi ta kowa da kowa, inda miliyoyin mutanen da ba kyamarar da ke haska su suke buga nasu wasan kullum.